Karaya uku kafin a tambayi dalili: lamarin wata dattijuwa a Damagaram

Wannan bayani ne a kan wata dattijuwa ƴar unguwarmu a Damagaram mai fama da zaizayar ƙashi, wadda na bi lamarinta daga 2020 zuwa ƙarshen 2024. Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma ba ni ke yi mata magani ba. Maƙwabtaka ce ta sa nake shiga gidan, kuma ƴaƴanta kan kawo mini takardun asibiti in karanta musu, tunda da Faransanci ake rubuta su. Da yardarta da ta ƴaƴanta na rubuta wannan. Hajiya zan riƙa ce mata, kamar yadda duk unguwa ke kiranta.

Kafin 2017: yadda take

An haife ta wajajen 1958 a wani ƙauye na ƙasar Mirya, aure ya kawo ta cikin gari. Haihuwarta tara, bakwai na raye. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a tsakar gida take yi, yara su kai mata kasuwa. Jinin al'ada ya ɗauke mata tana da shekara 45 ko 46. Siririya ce tun asali: a karnen asibitin da aka cika mata a 2015, lokacin tana shirin tafiya Makka, an rubuta tsawonta santimita 160, nauyinta kilo 49. Mahaifiyarta ta rankwafa ƙwarai a ƙarshen rayuwarta, kuma faɗuwa ce a bakin rijiya ta karya mata ƙugu, ba ta sake miƙewa ba har Allah Ya yi mata rasuwa.

Maigidan Hajiya ya rasu a 2016. Da ta fita takaba sai ƴaƴa suka ce ta ajiye sana'a ta huta haka nan. Ta daina tuƙin ƙuli, ta daina zuwa kasuwar Dole ran Alhamis, yawancin yini tana ɗaki. Abincinta koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Furar da ruwa ake dama ta, nono sai jefi-jefi.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo a cikinsa. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 gini ke rinjaye, daga nan a yi kankankan na ɗan lokaci, sannan rusau ya fara gaba. A jikin mace akwai sinadarin istirojin da ke taka wa rusau birki. Idan al'ada ta ɗauke sai ya yi ƙasa, ƙashi ya riƙa zubewa da sauri a shekarun da ke biye. Cikin ƙashi saƙa ce irin ta zuma, ramukan sai su yi ta faɗaɗa, bangayensu na sirancewa. Kamar ƙyauren katako ne da gara ta ci: fenti na nan a waje, ciki fanko. Wannan ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforos. Ba ta ciwo, ba ta zazzaɓi, sai ranar da wani abu ya karye.

2017 zuwa 2020: ƙwayoyin gwiwa

A 2017 gwiwoyinta suka fara damunta, musamman wajen tashi daga sujada. Wata ƙawarta ta nuna mata wani mai tallan magani da ke zagaya unguwa da tire a ka. Yakan ƙulla mata haɗi a leda: ƙwaya ɗaya mai ruwan ƙasa, ɗaya ƴar mitsitsiya fara. Tana sha safe da yamma. Cikin kwana uku ciwon ya lafa, cin abinci ya buɗe, ta fara ƙiba.

Kowa ya yi murna. Fuskarta ta cika ta zagaye, mata na cewa hutu ya karɓi Hajiya. Ni kaina na faɗa mata haka a wajen wani suna a 2019, ban kuwa tambaye ta ko tana shan wani abu ba. Abin da na kasa lura da shi a lokacin shi ne fuska da ciki ne ke cika, hannuwa da ƙafafu kuwa suna ramewa, kuma fatar hannunta ta yi laushin da ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta.

Sai daga baya aka gano ƙwayoyin: mai ruwan ƙasar diklofenak ce, maganin kashe zafi, farar kuma deksametazon mai rabin miligiram. Wato miligiram 1 take sha kullum, wanda ƙarfinsa ya kai na miligiram 6 zuwa 7 na firednisolon, wani magani ɗan'uwansa. Deksametazon magani ne na gaske, yana ceton rai a inda ya dace, amma dangin kotizon ne, kuma shan irinsu kullum fiye da wata uku yana raunana ƙashi. Suna kashe gwiwar ƙwayoyin da ke gina ƙashi, suna rage kalsiyam (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi) ɗin da hanji ke tsotsa, suna ƙara wanda ke fita a fitsari, sannan suna cinye naman cinya, mutum ya riƙa saurin faɗuwa. Deksametazon ne kuma ake sakawa cikin wasu haɗe-haɗen ƙiba da ƴan mata ke saye. Hajiya ta yi fiye da shekara huɗu a kansa.

Disamba 2020: karayar farko

Wata safiya ta hunturu ta fito alwala, ƙafarta ta harɗe da gefen tabarma, ta faɗi ta dafa ƙasa da hannun dama. Daga tsaye ta faɗi, ba daga kan wani abu ba. Wuyan hannun ya kumbura ya karkace.

Aka kira mai ɗori, dattijo ne da ya gaji sana'ar. Ya ja hannun ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure da tsumma. Yakan zo duk bayan kwana biyar ko shida ya kwance ya duba. Bayan sati bakwai ƙashi ya kama. Hannun ya ɗan karkace kaɗan, ba ta iya murɗa murfin kwalba da shi, amma tana cin abinci tana jan carbi. Ba a yi hoto ba, ba a je asibiti ba. Saboda zafin karayar ma ta ƙara yawan haɗin zuwa sau uku a rana har wata guda.

Da na je gaishe ta na tambayi yadda aka yi, ta ce: "Tsautsayi ne, ƴata, ba ya wuce ranarsa." Na ce Allah Ya kiyaye gaba, na tafi.

2021: gadon bayan da ya ƙi daɗi

Wajen watan Mayu 2021 ta yi atishawa mai ƙarfi, ta ji wani abu ya soke ta a tsakiyar baya. Ta yi kwana goma ba ta iya juyawa a kan gado sai an taimaka mata. Gida aka ce sanyin ƙashi ne.

Abubuwan da aka gwada a wannan shekara, bi da bi: jiƙon sassaƙe daga wajen wata mai magani, na wata biyu, ƙaho a gadon baya sau biyu, gashi da ruwan zafi da man zafi kowane dare, allurar kashe zafi da wani ke zuwa gida yana yi mata, sai kwanciya. Gashin kan ba ta sauƙi na ƴan awoyi. Ƙahon ya bar mata raunukan da suka yi wata guda ba su warke ba. Kwanciyar ita ta fi daɗewa: babban ɗanta ya hana ta taɓa komai, sallah ma a zaune, buta sai an miƙo mata. Da kyakkyawar niyya ya yi. Sai dai ƙashi da nama suna riƙe ƙarfinsu ne idan ana ɗora musu nauyin jiki, wanda ya kwanta makonni kuwa duka biyun ke zubewa.

Zuwa ƙarshen shekara zafin ya ragu, amma ta fara rankwafawa. Zanenta ya soma jan ƙasa, ta daina kaiwa ga ƙusar da take rataye hijabi. Ta ce gado ne, haka mahaifiyarta ta yi.

Fabrairu 2022: sabuwar karaya, da zuwa asibiti

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san yadda ruwa ke wuya idan rani ya kama. Ran nan mai garuwa ya sauke jarkoki a zaure, ba kowa a gida, ta sunkuya ta ɗaga mai lita 25 da ruwa ya kai rabinta. Nan take ta zube, ta kasa tashi. A wannan karon ƴarta ta biyu, malamar makaranta, ta dage sai an je asibiti, ni kuma na raka su.

Likitan da ya gan ta bai fara da baya ba. Ya kama hannunta na dama ya juya, ya ce: "Hajiya, wannan fa?" Ta ba shi labari. Ya dubi fuskarta da fatar hannunta, ya ce: "Wane magani kike sha kullum?" Ta ce ba ta shan komai. Ya ce: "Ko na gwiwa, ko na ƙarfin jiki, ko wanda ake ƙullawa a leda?" Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin. A wajenta wannan ba magani ba ne da za a faɗa wa likita, abin yau da kullum ne kamar goro.

Abin da aka samu a ranar da satin da ya biyo baya: tsawo santimita 155, wato ta ragu da 5 daga awon 2015, nauyi kilo 58, awon hawan jini 16 bisa 9, sukari da safe kafin cin abinci ya ɗan haura ƙa'ida. Hoton ƙashi, wanda nan muka fi sani da radiyo, ya nuna ƙasusuwan gadon baya biyu sun lotse, ɗaya tsohuwar karaya, ɗaya sabuwa. Tsohuwar ita ce ta ranar atishawa. Raguwar tsawo da santimita 4 ko fiye alama ce da ke sa a nemi irin wannan karaya, kuma mafi yawansu ba a gano su, ana ɗaukarsu ciwon baya na tsufa.

Likitan ya tsaya ya kawar da wasu cututtuka biyu kafin ya yanke magana, don su ma suna lotsa ƙashin baya: tarin fuka da ke kama gadon baya, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu, da kansar ɓargo. Ba ta zazzaɓi, ba ta gumin dare, ba ta rama, hoton ƙirji da awon jini ba su nuna komai ba. Awon ƙoda ya fito lafiya, kalsiyam na jini daidai.

Akwai na'urar da ke auna kaurin ƙashi, ana ce mata DXA. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: wanda makinsa ya kai 2.5 ƙasa da na matashi mai lafiya, yana da zaizayar ƙashi. Ba a yi wa Hajiya wannan awo ba. Likitan ya ce babu na'urar a inda yake aiki, kuma bai ga dalilin jijjiga mai karyayyen baya a mota kilomita wajen 900 zuwa Yamai ba. Macen da al'ada ta ɗauke wa, wadda ƙashin bayanta ya karye ba tare da hatsari ba, karayar kanta ta isa shaida.

Babban ɗan ya tambaya ko yawan haihuwa ne ya cinye wa Inna ƙashi. Likitan ya ce goyo da shayarwa kan ari kalsiyam daga ƙashin uwa, amma galibi yana komawa bayan yaye. Abubuwan da suka fi nauyi a lamarinta su ne ƙwayar nan, ɗaukewar al'ada da ɗan wuri, sirantaka, gado, da zama wuri ɗaya.

Maris zuwa Yuni 2022: watannin da abubuwa suka ƙi

Tsarin da aka ba ta shi ne a janye deksametazon sannu a hankali cikin sati 12, a daina diklofenak, a koma farasitamol don zafi, a fara kalsiyam miligiram 500 da bitamin D ma'auni 800 kullum, sannan alendronat, maganin da ke rage zaizayar ƙashi, miligiram 70 sau ɗaya a sati. An duba haƙoranta kafin a fara, aka cire ɗaya da ya ruɓe, don ba a son cirar haƙori bayan an yi nisa da wannan magani.

Dalilin janyewa a hankali yana da muhimmanci, domin na ga waɗanda suka ji illar ƙwayar suka watsar da ita rana ɗaya. Jiki na da nasa kotizon da wasu ƴan halittu a saman ƙoda ke yi. Idan an daɗe ana shan na waje sai su yi barci. A yanke kwatsam, jini na iya faɗuwa, mutum ya yi ta amai ya suma, har a rasa shi.

Janyewar ta ba ta wuya. Gwiwa ta dawo da ciwo fiye da da, jiki ya mutu, abinci ya fita ranta, ga azumi ya kama a farkon Afrilu, ko da yake a wannan shekara likita ya ce ta ajiye. A sati na biyar jikarta ta ga mai tiren a zaure. Hajiya ta koma shan haɗin a ɓoye har kwana tara. Da ƴarta ta yi mata magana ta ce: "Ku kuna maganar ƙashin da ban gani ba, ni kuwa gwiwata nake ji." Aka koma asibiti, aka sake lissafin janyewar daga baya kaɗan, aka ƙara mata man shafawa na gwiwa da sanda. Babban ɗan ya samu mai tiren ya roƙe shi da girma da arziki ya daina tsayawa a ƙofar.

Alendronat ma bai zauna ba a karon farko. Ta sha sau uku ta bari saboda ƙwannafi da zafin ƙirji, ba ta gaya wa kowa ba. Sai bayan ƙaramar sallah na ƙirga ƙwayoyin na ga ba su ragu ba. Da na bi diddigi, ashe da kurɓin shayi take haɗiye shi, ta koma ta kishingiɗa. An yi mata bayani a asibiti, amma a rana ɗaya da bayanin magunguna huɗu, tana cikin zafi, takardar kuma da Faransanci.

Wannan magani yana da sharuɗɗa. Ana shansa da safe ciki babu komai, da cikakken kofi na ruwa zalla. Shayi, koko, nono ko ƙwayar kalsiyam duk suna hana hanji tsotsarsa, dama kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Bayan an sha ba a kwanciya, ba a cin komai sai an yi minti 30, don idan ya maƙale a maƙoshi ko ya dawo sama yana ƙona hanyar abinci.

Yuni 2022 zuwa Yuli 2023: abin da ya zauna

Ƴarta malamar ce ta samo dabara. Ta ce a ɗaura maganin a kan abin da Inna ba ta taɓa mantawa. Aka zaɓi Juma'a. Hajiya ta idar da sallar Asuba tukuna, don kada ta yi ruku'u da sujada da ƙwaya a ƙirji. Jikarta ta miƙo mata ƙwayar da kofin silba cike da ruwa. Ta zauna a kujera mai majingina, ba a kan tabarma ba, ta ja lazimi har rana ta fito, wanda dama yakan ɗauke ta fiye da rabin awa. Sannan a kawo koko. Ƙwayar kalsiyam aka mayar da ita dare, tare da tuwo. Ƙwannafin bai dawo ba. A azumin 2023, ranar Juma'a kan tashe ta minti 40 kafin sauran gida, ta sha maganin ta zauna, sannan ta yi sahur da kowa.

A ƙarshen Yuli 2022 ta rabu da deksametazon gaba ɗaya. Cikin wata shida fuskar ta saɓe, nauyi ya sauko kilo 53, sukari ya koma daidai, awon hawan jini 14 bisa 8. Wasu ƴan'uwa da suka zo daga ƙauye sun ce asibiti ta ramar da Hajiya, sai da aka zauna aka yi musu bayani.

Wajen abinci ba a sayo wani baƙon abu ba. Macen da ta wuce 50 na buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,200 a rana, kofi ɗaya na nono mai kauri, rubu'in lita, yana ba da wajen 300. Aka yi ciniki da wata mai nono tana kawo na wata-wata, aka koma dama fura da shi. Gero shi kaɗai ba shi da kalsiyam mai yawa. Aka ƙara miyar kuka, kwaɗon zogale sau uku a sati, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Cuku ya yi wa haƙoranta tauri, sai a jiƙa shi ko a daka mata cikin fura. Lokacin rani da nono ke tsada kuma ake tsinka shi da ruwa, madarar gari ke cike gurbin.

Tafiya ta fara daga ɗaki zuwa zaure da sanda, sau uku a rana. A wata na biyu ta kai bakin titi, a na huɗu tana zagaya unguwa minti 20 da hantsi, wanda ya ba ta rana a fuska da hannuwa, fata kuwa da hasken rana take yin bitamin D. An koya mata tashi daga kujera ta zauna sau goma ba tare da dafawa ba, da tsayuwa a ƙafa ɗaya tana riƙe da bango. An hana ta abu biyu: sunkuyawa ta ɗaga nauyi, da shara da gajeriyar tsintsiya. Shawo kan babban ɗan ya bar ta ta yi tafiyar ya fi koya mata tafiyar wuya.

Gidan ma an taɓa shi. Aka ɗauke tabarmar bakin ƙofa, aka cike ramin da ke tsakar gida, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki da kujerar wanka, aka sa fitila mai caji kusa da gadonta saboda ɗaukewar wuta, aka canza mata silifas da takalmi mai kama dunduniya. An kai ta awon ido, aka samu yanar ido ta fara a idon hagu.

Agusta 2023 zuwa Maris 2024: yankewar magani

Ɗanta na uku, mai harkar kaya tsakanin Damagaram da Kano ta hanyar Matamaye da Daura, shi ke sayo alendronat na wata uku-uku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyaka da Najeriya ta rufe, magunguna da dama suka yi wuya. Na hannunta ya ƙare a Oktoba. Sai a Janairu 2024 aka samo ta hannun wani ɗan'uwa a Yamai, da tsada. Sati 13 ta yi ba ta sha ba.

Likitan ya kwantar musu da hankali: alendronat na maƙalewa a jikin ƙashi ya daɗe, wadda ta yi fiye da shekara tana sha ba ta rasa amfaninsa duka cikin ƴan watanni. Ya ce a riƙe abinci da tafiya, kada kuma a karɓi wani abu daga tire da sunan madadinsa. An buɗe iyakar a Maris 2024.

Damina 2024 zuwa Disamba 2024

Daminar 2024 ta yi ƙarfi, ita ce ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba. Cikin watan Agusta Hajiya ta zame a taɓon ƙofar gida ta faɗi a gefen hagu. Aka ɗauke ta zuwa asibiti a ranar. Hoton ƙugu da na baya ba su nuna sabuwar karaya ba, kwanciyar jini ce kawai a cinya. Bayan kwana huɗu ta koma tafiyarta.

Awon Disamba 2024: tsawo santimita 155, bai ƙara raguwa ba tun 2022, nauyi kilo 52, babu sabuwar karaya cikin wata 34. Rankwafawar na nan, ƙashin da ya lotse ba ya komawa. Gadon baya kan yi mata ciwo idan ta daɗe a tsaye, gwiwa ma ba ta daina ba. Tana sallar farilla a tsaye, ta yi sujada a kujera. An yi mata aikin ido a Nuwamba.

Yadda na auna lamarin

A ganina babbar asarar ta auku ne a Disamba 2020. Babba ya faɗi daga tsaye ƙashi ya karye, wannan ba ƙaramin saƙo ba ne, don lafiyayyen ƙashi yakan jure irin wannan faɗuwa. Da a ranar wani ya tambayi dalili ya kwance bakin zanen nan, da an samu wata 14 kafin jarkar ruwa, mai yiwuwa kuma da bayanta bai lotse ba. Ban ɗora wa mai ɗori laifi ba, aikin da aka kira shi ya yi, ya kuma yi shi. Mu da muka yi karatun lafiya muka shiga gidan muka fita da "Allah Ya kiyaye gaba" mu ne abin ya fi hawa kanmu, ni ce kuma ta farko. Gidauniyar duniya mai kula da wannan cuta na cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar da suka haura 50 za su gamu da irin wannan karaya. Mu nan sunanta tsautsayi ko tsufa, shi ya sa ba a nemanta.

Jiƙo da ƙaho da gashi sun kasa ne don zafi suke bi, zafin kuma karaya ce da ba a gani ba. Kwanciya ta ƙara ɓarna. Haɗin mai tire shi ya fi komai cutarwa, kuma ya daɗe ne saboda yana aiki: yana kashe ciwon gwiwa da gaske, yana kawo ƙibar da muke yabawa. Maganar Hajiya cewa gwiwarta take ji gaskiya ce, kuma janyewar ba ta yiwu ba sai da aka ba gwiwar haƙƙinta.

Cikin abubuwan da suka yi amfani, rabuwa da deksametazon nake sa wa gaba, sai alendronat, wanda gwaje-gwaje suka nuna yana rage sabuwar karayar baya da kusan rabi ga matan da suka riga suka samu ɗaya. Amma magani ɗaya ne ya kasa a Maris ya kuma zauna a Yuni. Abin da ya canza shi ne an fassara sharuɗɗansa zuwa Asuba, lazimi da kofin silba, an kuma ba wata yarinya aikin miƙo shi. Ba zan ce faɗuwar Agusta 2024 ta tabbatar da ƙashinta ya yi ƙarfi ba, faɗuwa ɗaya ba hujja ba ce, taɓo kuma ya fi siminti laushi. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne tsawon da bai ragu ba da watanni 34 ba karaya, ga macen da ta samu uku cikin wata 14.

A tsakiyar 2027 za ta cika shekara biyar a kan alendronat, lokacin da likita zai duba ko a ci gaba ko a ba ta hutu; mai karayar baya irin tata sau da yawa ana ci gaba. Babbar ƴarta, mai shekara 48, al'adarta ta fara tsallake wata. A Disamba 2024 mun tsayar da ita a jikin bangon zaure ba takalmi, muka ja layi da ƙusa a saman kanta, muka rubuta 161 da kwanan wata. Na kuma tambaye ta abin da take sha kullum, har da wanda ake ƙullawa a leda.